Cinyar ragon da Baba ya kai ƙarar kansa a kanta

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Adamu mai sulhu. Har yanzu in na ɗora miyar taushe, sai na tuna shi na yi dariya ni kaɗai.

Baba ba alƙali ba ne, bai taɓa karɓar albashin kowa ba. Ɗan kasuwar auduga ne a nan Gombe, amma mutanen da ba sa son zuwa kotu zaurenmu suke kawo rigimarsu. Al'adarsa ita ce kafin kowa ya buɗe baki, sai ya zazzage duk abin da ya haɗa shi da masu rigimar: wannan makarantar allo ɗaya muka yi, wancan matarsa ƙawar matata ce, wanda bai yarda da ni ba ya faɗa yanzu. Mu mata muna cikin gida muna ji ta katanga, har mun haddace. Dada, mahaifiyarmu, takan ce Malam sai ya karanta tarihin garin nan kaf kafin ya raba faɗan akuya.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo, kowa ya kama gini, wani Alhaji Sabo, Bakano da ya koma GRA, ya sayi motocin yashi. Direbobinsa suka yanke hanya ta tsakiyar gonar wani manomi ɗan ƙabilar Tera, Malam Ali, a Tumfure, wadda a lokacin gonaki ce zalla. Alhaji ya ce tsohuwar hanyar shanu ce. Malam Ali kuwa gonar nan ita ce abincin gidansa, ga damina ta kawo kai. Aka kawo maganar gaban Baba.

Ranar da aka fara zama, Baba ya dawo daga duba gonar ya tarar da tuwo da miyar taushe, nama fal. Ya ci, ya nemi ƙari, sai da ya wanke hannu ya tambayi inda aka samo naman. Dada ta ce ai cinyar rago ce aka aiko daga gidan Alhaji Sabo, wai an yi suna. Ban taɓa ganin ƙoshi ya ɓata wa mutum rai kamar ranar ba.

Washegari da aka zauna, muka ji ya ce, "Jama'a, jiya na ci naman Alhaji, har na yi ƙari. Ban sani ba, amma yana cikina, kuma in baki ya ci, ido kan ji kunya. Malam Ali, ina ganin ku nemi wani."

Sai Malam Ali ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Malam, in ka tashi wa za a kawo mini? Wanda ya ci bai faɗa ba?"

Har Alhaji sai da ya yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Dattawan Tumfure suka shaida cewa hanyar shanu ta gefen gonar ta bi, Baba ya ce motoci su koma can. Malam Ali ya yi shukarsa. Dada kuwa ragonta da take kiwo don Sallah aka yanka, aka mayar wa Alhaji cinya guda. Har ta bar duniya tana yi wa Baba gori cewa ita ta biya kuɗin gaskiyarsa, shi kuma ya sha romo.

Yau Tumfure ta cika da gidaje, rigimar fili ta fi ta da yawa. Kwanaki na raka wata maƙwabciyata gaban wani kwamitin sulhu, sai bayan an tashi muka ji ashe shugaban surukin abokin rigimarta ne. Ban ce ya yi son kai ba, wataƙila ma daidai ya yanke. Amma matar nan ba za ta taɓa yarda ba, don an ɓoye mata. Da Baba na nan, na san cewa zai yi ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sannan ya tambayi shugaban me ya ci jiya.

Baba bai bar mana gida a GRA ba, zauren ma ya rushe tuni. Amma duk kaka, jikokin Malam Ali kan kawo mini ƙwaryar wake har gida a Hammadu Kafi. Bara na ce wa babbansu su daina wahalar da kansu. Ya ce kakansu ne ya bar wasiyya: Malam Adamu bai taɓa yarda ya ci ko ƙwaya ɗaya daga gonar nan ba, to 'ya'yansa su ci, tunda an gama shari'a.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya tarar da sakamakon gaskiyarsa.