Zailani da Wutsiyar Goɗiyar Hatta

Ba kiɗa ne ya kawo Zailani Dubai ba, ɗaurin kaya ne. A unguwar Al Sabkha ya fara, yana naɗe kwalayen 'yan kasuwar Kano da salatif. Amma a ƙarƙashin gadonsa, a ɗakin da muke haya tare, akwai gogen marigayi mahaifinsa, kuma duk ranar hutu sai ya hana mu sakat.

Wani Balarabe mai gona a garin Hatta ya ji shi, ya ɗauke shi ya riƙa yi wa baƙi kiɗan kaboyi. Aka kifa masa malafa, aka zura masa takalmi mai tsini. Zailanin da ko jaki bai taɓa hawa ba! Da kiɗan Hausa ya riƙa cin kasuwarsa, ya dai ƙara masa sauri.

Ana haka tsirkiya ta tsinke, ita kuwa da izgar doki ake yin ta. To a Dubai doki ya fi ni da kai gata, wa zai ba ka gashin wutsiyarsa? Ya gwada zaren kamun kifi, goge ya yi kukan kyanwa. Mai gona ya ce in Asabar ta zo babu kiɗa, khalas, wato shi ke nan, sifika zai sa.

Na ce, "Kai dalla, ka dawo salatif ɗinka mana."

Ya ce, "Ba aikin ba ne. Muryar Baba ce a cikin ƙwaryar nan." Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

A gonar akwai wata tsohuwar goɗiya da yara ke hawa. Zailani ya cika ta da dabino, ya zagaya baya, ya yi bismillah, ya fizga. Ita ma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta sakar masa harbi. Can gefen shinge aka tsince shi, malafa a gabas, takalmi a yamma, izga dam a hannunsa.

Ranar Asabar ya yi kiɗa yana ɗingishi, yana dafe ƙugu. Baƙi suka ɗauka rawar ke nan, suka jera a bayansa suna ɗingisawa. Har yau haka ake taka ta a gonar.

Ni ma na je kallo. Da aka tashi na tambaye shi ya ƙugu. Ko kallona bai yi ba, ya sake jan goge a hankali, ido jage-jage da hawaye.

"Yi shiru," in ji shi. "Baba na magana."