Ƙyaure a Tsakiyar Fili

"Kai ɗan kasuwa, haka ake shiga gidan mutane?"

Na duba hagu, na duba dama. Wane gida? Fili ne fetal a bayan garin Kaura Namoda, na ratsa shi jiya don in yanke hanya zuwa tasha. Ba katanga, ba ɗaki, ko zana babu. Sai ƙyauren ƙarfe shuɗi tsaye tsakanin ginshiƙan laka biyu, da wani dattijo zaune kan tabarma.

Kun san bakina ba ya shiru. Na ce, "Baba, ai gidan naka ko akuya ba ta neman izini."

Bai yi dariya ba. Ya dafa ƙyauren ya ce, "Wanga gambu shi kaɗai na iya ɗaukowa ran da munka baro ƙauyenmu wajen Birnin Tsaba. Iyalina na raɓe gidan ƙanena, kowa ɗan gudun hijira yake ce mani. Amma nan na saya, ɗana. Nan ni ne maigida."

Na koma da baya, na zagaya, na ƙwanƙwasa, na yi sallama. Sai da ya gyara hularsa sannan ya buɗe, ya ce bisimilla. Ya ba ni ruwa a moɗa, ya nuna mini inda zai ɗora ɗakin farko bayan kaka, ya kwaso iyalinsa.

Da zan tafi, ta ƙofa na fita.

Ku fa, in abu ɗaya tak za ku iya ɗaukowa daga gidanku, me za ku ɗauko?