Fitilar Sallama ta Ɗalhatu

Ɗalhatu mutumin Gagarawa Tasha ne, amma a Maigatari ya yi suna, wajen gyaran wayar manyan motocin da ke ɗaukar shanu ranar kasuwa. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi yana aiki, da ka yake amsawa, don kullum akwai guntun waya a bakinsa.

A shekarar 1974 sanƙarau ya kama matarsa Zinariya. Ta tashi, amma kunne ya tafi. Mata sukan zo ƙofar gida su yi ta sallama shiru, su juya suna cewa ai tana jin abin da ta ga dama. Har yayarta Kyauta ta yi fushi ta ɗauke ƙafa. Wannan ya fi ciwon cin ran Zinariya, mace mai son mutane.

Sai Ɗalhatu ya shiga neman dabara. Ya samo tsohon batirin mota da ƙwayayen fitila uku. Ya haƙa ɗan rami a cikin zaure, ya ɗora katako a kan makunni, ya shimfiɗa tabarma a kai, yadda duk wanda ya taka, wuta za ta kama. Ƙwai ɗaya a ɗaki, ɗaya a madafi, ɗaya a rumfar da take saƙa. Da fari ya jera su a waya guda, suka kawo haske ja-ja kamar garwashi, sai ya warware ya ba kowanne layinsa.

Aiki ya yi kyau, sai dai gwanin ya manta da abu ɗaya. Mai kunya ba ya shiga zauren mutane sai an amsa masa. A waje yake tsayawa, in ya yi sau uku bai ji ba, ya kama gabansa. Mako guda cur, akuyar maƙwabta ce kaɗai ke kunna fitilar, Zinariya kuwa ta yi ta amsa mata sallama da murna.

Ranar da ya gane, ya daɗe tsaye yana sosa ƙeya. Sannan ya tone katakon ya mai da shi waje, daidai inda ake tsayawa a tuɓe takalmi, ya rufe da rairayi.

Wata Juma'a da hantsi Kyauta ta biyo ta layin, za ta gidan suna. Ta tsaya a ƙofar tana shawara da zuciyarta, ko ta yi sallamar ko ta wuce. Ba ta kai ga buɗe baki ba, sai ga murya daga can ciki, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa:

"Wa alaikumus salam! Maraba, a shigo!"

Kyauta ta dubi ƙofar, idonta ya ciko.

"Oh ni, 'yar nan," ta ce, "ban ma yi ba tukuna."

Ta tuɓe takalminta ta shiga.