Tsohuwar da ta Kankane Ƙamus

Kwana uku ke nan tsohuwar nan ta kankane ƙamus ɗin harshen Assuriya, shi kaɗai ne kuwa a ɗakin karatunmu na jami'ar Leiden, ni kuma ga jarrabawa jibi. Ko rigar ruwa ba ta cirewa. Tabarau biyu take ɗorawa, hancinta na gogar hoton wani allon laka na Nineba, tana ta gunaguni a kan harafi ɗaya da ya gutsure. Ina jin a gida ma da matattun Assuriyawan nan take hira.

Na ce, "Mama, don Allah, minti biyar kacal."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗan nan, shekara dubu biyu da ɗari bakwai wasiƙar nan tana jiran mai karanta ta. Kai kwana nawa ka yi?"