Malam Maiwada Mai Sanda, Wanda Ya Tsaya Tsakanina da Surukina

Assalamu alaikum, jama'a. Duk ranar da majalisar kansilolinmu za ta zauna, Malam Maiwada ke riga kowa isowa sakatariya. Shi jingine kekenshi gindin darbejiya, shi buɗe ɗakin zama, shi share, shi kakkaɓe kujerun kansiloli. Sannan shi juya ga bencunan baya, waɗanda anka aje don mutanen gari, shi bi su da tsumma kamar ana jiran alhazai. In ya gama shi sa kakinshi, shi ɗauko sandar majalisa. Sandar nan ita ce aikinshi. Shi ke saɓa ta a kafaɗa, shi shigo gaban Shugaban majalisa, kowa shi miƙe, shi aza ta bisa tebur. In ba ta bisa tebur, duk abin da kansiloli sunka faɗa hira ce, ba zama ba.

Amma kafin shi ɗauko ta, sai ya fito bakin titi ya ɗaga murya: "Jama'a, majalisa za ta zauna! Mai son ji shi shigo, ƙofa buɗe take!"

Ba wanda ya sa shi wanga kira. Shekara da shekaru shina yi, ba mai shiga. Mu mata masu gumin shinkafa ta nan muke wucewa da kwanoni bisa kai, har munka sa mashi suna, ladan babu mamu. Astagfirullah. Ƙawata Taibatu, wadda bakinta bai da murfi, takan amsa mashi, "Allah shi karɓa, Liman!" Shi ko sai shi yi murmushi, "Amin, Taibatu. A gaida mutan gida."

Ba zan faɗi ko wace majalisa ce ba. Mafara, Bakura, Maradun, duk ruwan Bakolori ke yi muna shinkafa, duk kunyarmu ɗaya. Ni sunana Ummulkhairi. Da gumi nike taimakon maigidana muna ciyar da ɗiya. Mu sayo shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, mu jiƙa, mu turara, mu shanya, mu kai inji. To shanyar nan ita ce wuyar sana'a. Gidajenmu ba fili, sai mu baza gefen kwalta, don kwalta na da zafi, nan da nan ta bushe. Shinkafar da anka turara in ba ta samu rana ba, tsami take yi, ta yi baƙi, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci.

Wata rana Ɗanasabe, ɗan kabu-kabu, ya ɗauko wata tsohuwa daga Jangebe, mota ta matse shi, ya hau shanyarmu, babur ya zame. Ƙafarshi ta karye, tsohuwa ta kwanta asibiti. Shinkafarmu ce, ba mu da bakin musu. Sai kansilan mazaɓarmu ya kai ƙudurin doka: ba shanya bakin titi ko'ina cikin gari, wadda anka kama a kwashe kayanta. Wanga kansila kuwa mijin ɗiyata ta fari ne. Kun san sunanshi ba ya fita bakina, ko nan ba zan rubuta ba.

Wurin inji munka ji labari, wai an gama doka. Mata na ta salati, wasu na tsinuwa. Da munka biyo ta ƙofar sakatariya, Taibatu ta aje kwanonta gaban Malam Maiwada.

"Liman, ashe abin da kuke kullewa ku yi ke nan? Kun kashe muna sana'a muna zaune?"

"Wa yac ce an gama?" in ji shi. "Doka ai kamar gumin naku ce. An yi karatu na ɗaya, an jiƙa ke nan. An yi na biyu, an turara. Yanzu shanya take, kwamiti ya baza ta kowa shi zo shi tsince tsakuwa. Zaman da ke tafe na jin bakin jama'a ne. In ba ku zo ba, sai karatu na uku, Shugaba shi ce masu goyon baya su ce e, a kai ma Ciyaman na ƙaramar hukuma shi sa hannu. To ta shiga inji, ba ta komawa shanshera."

"To mi ya hana a gaya muna?"

Ya dube ta, ba faɗa ba komi, yac ce, "Taibatu, mi kike ji ina faɗi bakin ƙofar nan?"

Wallahi ba wadda ta ɗaga kai. Munka ɗauki kwanoninmu sumui-sumui.

Mata sunka ce ni zan yi magana, don in an bar Taibatu zagi za a sha, a kore mu. Maigidana ya ba ni izini. Na san surukina na ciki, amma ce nike babban zaure ne kamar na asibiti, in laɓe can baya in faɗi tawa. Ashe ɗan ɗaki ne, kana iya jin ƙamshin turaren na gaba. Tun da yaron nan ya auri ɗiyata ban taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba. In ya zo gaisuwa, shina tsakar gida durƙushe, ina ciki bayan labule.

Anka shigo da sanda, anka yi addu'a, akawu ya karanta abin da anka yi zaman baya. Sannan yac ce wakiliyar mata masu gumi ta tashi. Na miƙe. Surukina ya waigo, ya yi ido biyu da ni.

Jama'a, sai bawan Allah ya tuɓe takalma, ya zamo daga kujera da babbar rigarshi, ya durƙusa ƙasa tsakiyar majalisa.

"Inna, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙwarin jiki?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wani kansila daga can yac ce, "To, mai ƙuduri ya faɗi tun ba a kaɗa ƙuri'a ba!" Shugaba na buga guduma shi ma shina danne baki. Ni dai ban san sadda na ja hijabi na rufe fuska na yi waje ba. Gindin darbejiya na tsinci kaina. Na ce shi ke nan, na ja ma kaina abin faɗe, na ja ma ɗiyata, kuma shanyar mata ta tafi saboda ni.

Abin da ya faru ciki Hussaina, ɗaya daga cikin matanmu masu gumi, ta ba ni labari, don ita ta zauna. Tac ce surukin nawa shi ma ƙofar gefe ya nufa, takalma a hannu. Malam Maiwada ya raɗa ma Shugaba magana, Shugaba ya ba da ɗan hutu, anka sauke sanda daga tebur. Sai Malam Maiwada ya tare surukina bakin ƙofa.

"Ranka shi daɗe, ƙudurinka ne. In ka fita ba mai amsa ma matan nan, za a ce an saurari jama'a, a rufe babin. Koma kujerarka, sauran ka bar mani."

Sannan ya fito ya same ni. Bai matso ba, can nesa ya tsaya.

"Hajiya, sannu da fama."

"Malam, ƙyale ni. Na mutu na lalace."

"Ba ki mutu ba. Kunya ai cikin imani take, ba zan ce ki aje ta waje ba. Shigo da abarki. A ɗakin nan ba mai magana da ɗan uwanshi, kowa da Shugaba yake magana. Ko shi yaron in zai amsa maki, Shugaba zai gaya ma. Ke dai dubi sanda."

"Ai zai gan ni."

"Ba zai gan ki ba. Allah ya ba ni faɗin baya, na daɗe ban san amfaninshi ba sai yau."

Haka anka yi. Ya mai da sanda bisa tebur, ya nemi iznin Shugaba, ya zo ya tsaya ƙiƙam tsakanina da surukina. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, ba wuta, fanka ba ta juyawa, zufa ta jiƙa bayan kakinshi, amma bai motsa ba. Na kafa ido ga sanda, na yi bisimilla.

Na ce, "Shugaba, ƙafar Ɗanasabe na wuyanmu, ba mu musu. Kwalta ba wurin shanya ba ce. Amma in kun ɗauke mu daga nan, ina za ku aje mu? Ga tsohon filin awon auduga can bayan kasuwa, ba mai amfani da shi sai awaki da tumfafiya. Ku ba mu shi, mu bar maku titinku."

Sai na ji wata 'yar murya daga bayan Malam Maiwada. "Shugaba, a tambayi, wato, a tambayi Inna, in an ba da filin wa zai share shi?"

"Shugaba, a gaya mashi mu ne. Tsintsiya ba ta gagare mu ba."

Taibatu daga benci tac ce, "Shugaba, a kuma gaya mashi shi sa takalmanshi!"

Anka sake kwashewa da dariya, guduma na ta aiki. Malam Maiwada ko gezau, sai dai na ga kafaɗunshi na ɗan girgiza.

Anka mai da ƙuduri kwamiti, anka yi gyara. Ranar karatu na uku mun cika bencunan nan maƙil. Da Shugaba yac ce masu goyon baya su ce e, muryar Taibatu ta fi ta kowa, sai da Malam Maiwada ya juyo yac ce, "Taibatu, na kansiloli ne. Naki e ɗin ki riƙe sai ranar zaɓe." Doka ta fito: ba shanya bisa kwalta, fili na masu gumi. Har yau can muke shanya, kuma ba wanda ya ƙara zamewa.

Na auni gumi mai kyau na kai mashi. Ya ƙi karɓa. Yac ce, "Hajiya, sanda na kafaɗata. Gobe wani zai shigo da tashi buƙata, kar shi ce da shinkafa ake buɗe ƙofa."

To yanzu ga abin da ya sa nike wanga rubutu fuskata na zafi. Da buƙatarmu ta biya, munka watse. Bencuna sunka koma wayam. Shi ko bai fasa goge su ba, bai fasa kira ba. Filin kuma, kun san sunan da gari ya sa mashi? Filin Kansila. Yaron nan ya yi ƙoƙari, Allah shi yi mashi albarka, amma da an bar mu ni da shi, ni ina gindin darbejiya, shi shina gudu da takalma a hannu.

Watan jiya na wuce ƙofar sakatariya ranar zama, na ji shiru. Na tambayi mai gadi, yac ce ai Malam Maiwada ya yi ritaya, ya miƙa sanda ga wani Nasidi. Yac ce ranarshi ta ƙarshe ya goge bencuna, ya fito ya yi kira, ya tsaya ya ɗan duba titi hagu da dama, sannan ya koma ciki. Ba wanda ya shiga. Ko ɗaya daga cikinmu. Muna can fili muna juya shinkafa.

Ni da Taibatu munka ɗauki gumi munka tafi gidanshi. Munka iske shi zaure, gwiwa ɗaure da tsumma, shina sa ma tumaki harawa. Munka gaisa, munka yi mashi murna da gamawa lafiya. Na tura kwano gabanshi. Ya buɗe, ya damƙa, ya sunsuna.

"Yanzu kafaɗa ba komi, kawo. Kai, wagga ta sha rana."

Taibatu, wadda ban taɓa ganin ta rasa magana ba, tac ce, "Malam, ka yafe muna sunan nan."

"Wane? Ladan? Ai suna ne mai daraja, ni na gode." Sannan yac ce, "Ku dai gaya mani, Nasidi na goge bencuna?"

Munka dubi juna. Ba mu sani ba.

Malam Maiwada, kai ne ka riƙe ƙofa buɗe ga mutanen da ke yi maka dariya. Kai ne garkuwar mai kunya. Ba ka ce al'adarmu wauta ce ba, ba ka ce a karya ƙa'idar majalisa don ni ba, ka sa jikinka a tsakani kowa ya tsira da mutuncinshi. Duk gidan da ke cin tuwo da gumin filin nan, da zufar bayanka a ciki. Mun gode. Allah shi saka da alheri, shi ba gwiwar nan lafiya, shi buɗe maka ƙofar Aljanna kamar yadda ka buɗe muna taka, shi sa kar ka iske kowa ya tare.

Ku kuma masu aikin gwamnati, ku dube shi. Aikin da ba mai gani ma a yi shi da kyau, Allah na gani. Mu mutanen gari, maza da mata, bencunan nan namu ne. Kar mu jira sai doka ta taka muna shanya. Ni dai daga yau Filin Maiwada zan riƙa cewa, wanda bai gane ba shi tambaya in ba shi labari.

Zaman da ya wuce mun tafi, ni da Taibatu da Hussaina. Akwai ƙura bisa benci, munka goge da gefen zane. Nasidi siriri ne kamar kara, ba zai rufe ni daga surukina ba, don haka na sa babban hijabina na zauna bayan Taibatu. Mun ce mashi shi riƙa fitowa shina kira, kar shi ji nauyi, za a amsa.

Ladan, ka yi haƙuri. Mamu sun makara, amma sun iso.