Albishir ɗin da Ya Lalata Mini Kaset

Har yau in na ji an ce "albishirinka", raina ɓaci yake yi kafin in ji ko mene ne. Wani dattijo ya jawo mini wannan a Riyad, cikin shekarun tamanin, ina injiniyan lantarki a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu.

Abokin aikina Ba'amurke shi ya koya mini besbol. Ƙaninsa kan naɗo masa wasannin ƙungiyar garinsu a kaset ɗin bidiyo ya aiko ta gidan waya, mu kalla a ɗakinsa ran Alhamis bayan la'asar. Da farko dariya nake yi, wai ƙarti majiya ƙarfi, ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya maka mata kulki ya ruga a guje. Kafin shekara ta zagayo na fi mai ƙora shafawa.

Akwai wani bahago a ƙungiyar, gajere mai tumbi, in ka gan shi a titi ka ce mai tsire ne. Amma in ya riƙe kulki, ya karkaɗe ƙasar takalminsa, ya zuba wa mai jifa ido, to a fara neman ƙwallo a bayan katanga. Na yanko hotonsa na manna a ƙofar kabad ɗina a gidanmu na unguwar Sulay, mutanen gidan suna ce masa surukina. Ban damu ba, son mutumin nan nake yi tsakani da Allah.

A shekarar ƙungiyarmu ta kai zagayen ƙarshe. Mun kalli wasa shida, uku namu uku nasu, saura ɗaya a ɗauki kofi. An riga an buga shi can, amma kaset sai ya yi wajen mako uku a hanya. Ni da Ba'amurken muka yi alkawari ba jaridar Turanci, ba rediyo. Na tara mutanen gida na ce duk wanda ya ji wani abu game da besbol ya riƙe bakinsa. Suka ce wa ma ya san wasan mahaukatan nan.

Kwana goma sha shida na yi ina kauce wa labari. Ran Juma'a bayan masallaci muna zaune a ƙasa kan farantin kabsa, shinkafar Larabawa da nama, sai ga Alhaji direba, Bakatsine, sa'an mahaifina, wanda ke ɗauko Turawan kamfani daga unguwar Badi'a. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Injiniya, albishirinka!"

Lokacin ina jiran kafil, wato uban gidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya sa hannu a takardar kawo iyalina, na ɗauka ita ce. Na ce, "Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari tas, Baba!"

"To mutuminka mai tumbi ya gama da su! A mota na ji mudir, manajan kamfani, yana faɗa. Ana gaba da ku, a bugun ƙarshe ya ɗaga ƙwallo har waje. Halas, shi ke nan, kofi naku ne. Mabruk, ina taya ka murna!"

Lomar da ke hannuna na mayar faranti. Kaina ya yi zafi. Na ce, "Baba, wa ya aike ka? Ban ce kar a gaya mini ba?"

"Au, ba murna za ka yi ba? Mugun labari ake ɓoyewa, ɗan nan. Labarin alheri kuwa, zama da shi rowa ce."

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, duk gidan bayansa suka bi. Wai na ɗaga wa babba murya a kan ƙwallo. Ni aka cuta, ni kuma aka sa na durƙusa na ba da haƙuri. Alhaji bai tsaya nan ba, ya ce tun da na amsa goro, goro zai karɓa. Guda biyu suka rage mini cikin wanda wani mai Umra ya kawo mini, ina ta lallaɓa su a jiƙaƙƙen tsumma. Ya ɓare ɗaya a gabana yana taunawa yana sa mini albarka.

Da kaset ya iso ban gaya wa Ba'amurken komai ba, kar in yi masa abin da aka yi mini. Aka zo bugun ƙarshe, ana gaba da mu, bahagona ya fito yana karkaɗe takalmi. Abokina ya durƙusa gaban talabijin yana cizon yatsa, gumi na keto masa. Ni kuwa ina kan kujera kamar mai jiran bas. Ƙwallo ta tashi, ya yi kururuwa, ya rungume ni yana hawaye. Na yi ihun ƙarya don kar ya gane. Shekara guda ina jiran wannan bugu, ya zo ya wuce ban ji komai ba sai haushi.

Bayan shekara biyu iƙamar Alhaji, wato takardarsa ta izinin zama, ta ƙare, zai koma gida gaba ɗaya. Ya bi mu ɗaki ɗaki ana yafe juna kamar yadda aka saba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, in na taɓa ɓata maka, ka yafe mini, ko da yake ni dai ban tuna ba."

Na ce na yafe, Baba. Allah Ya sani, a baki kawai na faɗa.