Majigi a Ɗakin Inna

Duk cikin abubuwan da ɗan Adam ya ƙago, babu malamin tarbiyya kamar fim marar magana. Na sha faɗin haka a ofishin malamai a Kazaure, har abokan aiki suka daina yi mini musu, don gajiya.

Bayan samun 'yancin kai, masu motar majigi suka fara yar da tsofaffin finafinansu, ni kuwa na shiga tsinta, har gwangwanayen finafinan suka cika ƙarƙashin gadona. Kusan duk labarinsu ɗaya ne: ɗa ya tafi birni, tsohuwa tana jira a bakin ƙofa. A wanda na fi so, ɗan yakan dawo ya goya uwarsa su haye rafi. Nakan nuna wa 'yan aji shida, in tsaya gefe ina sharhi a kan haƙƙin iyaye.

Tawa uwar tana garin Gwiwa. Sau uku ƙanwata tana aiko saƙo ta bakin direban motar kasuwa: idon Inna yana dishi-dishi, a zo a kai ta asibiti Kano. Nakan ce sai an yi hutu. Hutun kuwa yakan zo da labarin wani gwangwani a wani gari.

Shekarar da arzikin fetur ya gangaro har kan malaman makaranta, na sayi ƙaramin injin wuta, na ɗora kayana a mota sai Gwiwa. Bayan azahar muka toshe taga da tabarma, na haska bangon ɗakinta.

"Malam, an fara?" in ji Inna. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"An fara, Inna. Ga shi ya durƙusa zai goya ta."

"Me yake ce mata?"

"Ai ba sa magana."

Ta juyo wajen da nake tsaye, ta ba bangon baya. Ƙanwata ta kama kafaɗarta za ta gyara mata zama, ta ce, "Yaya, tun damina ba ta ganin komai."

"Bar ni haka," in ji Inna. "Ta nan nake jin muryar yayanki."

A satin na kai ta Kano. Likita ya duba, ya kashe 'yar fitilarsa, ya ce da bara aka zo, da an ceci idon dama. Bara war haka ina garin Babura neman wani fim. Ban ma same shi ba.